Daga farantin talla zuwa hannun dillalai: wa ke kare 'yan matan Tasawa da Mayahi?

Da la'asar sakaliya tashar motar Tasawa takan cika ta batse. Manyan motocin fasinja masu zirga-zirga tsakanin Maraɗi da Damagaram suna tsayawa a sha ruwa a yi salla, tireloli sun jeru a gefen kwalta, 'yan kamasho na ta kiran sunayen garuruwa. Kafin mota ta gama tsayawa 'yan talla sun kewaye ta: mai dafaffiyar gyaɗa, mai aya, mai awara, mai kwaɗon zogale, mai ruwan leda. Yawancinsu 'yan mata ne, daga 'yar shekara tara zuwa sha huɗu.

Ga ɗaya can, gammo a ka, faranti a kan gammo, hannu ɗaya riƙe da bakin farantin, ɗayan yana miƙa ƙullin gyaɗa ta taga. Kuɗin ciniki suna ɗaure a haɓar zane, kuma ta san lissafinsu dala-dala, domin sai da aka ƙirga mata ƙulli nawa ta ɗauka kafin ta fito. Abu guda aka ja mata kunne a kai: kada ta dawo da kwantai.

Bayan isha'i fasinja sun ragu. Wadda ta sayar ta kama hanyar gida. Wadda kayanta suka rage tana nan tana kewaye shaguna da teburan masu shayi, tana tsoron faɗan da ke jiranta. A irin wannan lokacin ne wani babba mai kuɗi a aljihu kan ce zai saye farantin gaba ɗaya, amma a kai masa ɗaki.

Mafi yawan 'yan talla suna komawa gida lafiya, kuma da ribar farantin nan ake ciyar da gidaje masu yawa. Sai dai duk wanda ya zauna a garin da babbar hanya ta ratsa ya san wasu yaran ta nan ake fara lalata rayuwarsu. Maganar ana yin ta a zaure da ƙasa-ƙasan murya, ba kasafai take isa gaban alƙali ba.

Abin da doka ke nufi

A dokar Nijar da yarjejeniyoyin duniya da ƙasar ta sa wa hannu, duk wanda bai cika shekara 18 ba yaro ne. Idan babba ya yi lalata da shi a madadin kuɗi, abinci, waya, sutura ko wurin kwana, ko an ba yaron ko an ba wani a bayansa, an ci zarafinsa kuma an yi kasuwanci da shi. A shari'ar fataucin yara ba a karɓar hujjar cewa ai da yardarta aka yi.

Wannan batu ya fito fili a duniya tun babban taron birnin Stockholm na ƙasar Suwidin a 1996. Nijar ta amince da yarjejeniyar haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya a 1990, da yarjejeniya mai lamba 182 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya kan mafi munin aikin da ake sa yara a 2000, sannan a 2004 ta shiga ƙarin yarjejeniyar da ta hana sayar da yara da sa su karuwanci.

Ƙasar da gona ta yi wa kaɗan

Gundumomin Tasawa da Mayahi kowacce ta haura mutum rabin miliyan a ƙidayar 2012, kuma tun daga lokacin jama'a sai ƙaruwa take yi. Daga Sarkin Hausa zuwa Kanambakashe, daga Maijirgi zuwa Korgom da Urafan, rayuwa a kan gero da dawa da wake da gyaɗa take, sai kiwo da saƙar tabarma a garuruwan Gulbin Kaba.

Binciken lafiyar iyali na 2012 ya nuna mace a jihar Maraɗi tana haihuwar 'ya'ya sama da takwas. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai yau jikoki goma ke raba ta. Da gona ta yi ƙaranci, 'yar gamanar da ake yanka wa matan gida ita ake fara janyewa. Damina ɗaya ce a shekara, kuma a gidaje da yawa rumbu yakan ƙare tun kafin a yi shuka. Waɗanda suka ga yunwar 2005 a wannan jiha ba su manta ba.

Da an gama girbi maza sukan watse cin rani: Kano, Legas, Agadas, Libiya, Aljeriya. Wani ya aiko, wani a ji shi shiru wata da watanni. Uwa ta rage da yara, kuma in tana cikin kulle ba ta da ƙafar zuwa kasuwa sai 'yarta. Ga kuma kayan ɗaki, wanda al'ada ta ɗora wa uwa: gado, katifa, kwanuka, labule. Uwar da ta kai 'yarta ɗakin miji hannu rabbana ta san gorin da za ta sha. Wannan ya sa farantin talla yake da wuyar saukewa.

Ƙofofin da ake bi

Talla ƙofa ɗaya ce. Ta biyu ita ce aikatau. Wata mata da aka sani a gari, sau da yawa 'yar uwa ce ko maƙwabciya, takan tara 'yan mata bayan girbi ta kai su Maraɗi, Yamai ko Kano aikin gida. Albashi yakan bi ta hannunta, ta cire nata. Yarinyar ba ta san kowa a birnin ba, ba ta da waya, ba ta da kuɗin mota. In maigida ko ɗansa ya matsa mata, ko uwar gida ta zarge ta da sata ta kore ta da dare, tasha ce mafakarta. A tasha kuwa akwai masu ido a kan irinta, kawalai da 'yan aiken magajiya, masu fara wa da abinci da wurin kwana, daga baya su kawo lissafin bashi.

Ƙofa ta uku ita ce auren wuri da sakin wuri. Nijar ce kan gaba a duniya wajen aurar da yara: kusan mace uku cikin huɗu an yi musu aure kafin shekara 18, kuma a jihar Maraɗi binciken 2012 ya kai adadin kusan tara cikin goma. Auren da aka ɗaura ba da son yarinya ba sau da yawa ba ya ƙarko. Sai ka ga bazawara 'yar shekara 15 ko 16, wani lokaci da goyo, makaranta ta wuce ta, gidan uba kuma ba ya iya ɗaukar ƙarin baki biyu. In ta yi yaji aka mayar da ita, ta sake gudu aka sake mayarwa, ta uku takan nufi inda ba za a same ta ba.

Irin wannan yarinya ce ta fi kowa rashin gata, domin jama'a sun daina kallonta a matsayin yarinya tun ranar da aka ɗaura mata aure. In aka gan ta a gidan mata masu zaman kansu sai a ce ita ta zaɓa.

Akwai kuma bara a ƙasashen waje. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawar mutum 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, fiye da rabinsu yara, yawancinsu daga yankin Kance na jihar Damagaram, maƙwabciyar Tasawa ta gabas. A watan Maris na 2022 gwamnati ta kwaso mutum kusan dubu daga titunan Dakar, mata da yara ne mafi yawa. Wasu yaran hayarsu ake yi daga hannun iyaye. Yarinyar da ke hannun wadda ba uwarta ba, a ƙasar da ba ta jin yarenta, tana cikin haɗarin da ya wuce na bara.

Maza ma ba su tsira ba. Almajirin da ke kwana a kasuwa, yaron mota, yaron da ke wankin ƙasa a mahaƙar zinariya, duk akwai masu yaudararsu da abinci ko 'yan kuɗi. Nasu ya fi ɓoyuwa, domin kunyar faɗa ta fi yawa.

Sabuwar ƙofa kuma tana cikin aljihu. Waya ta zama abin da ake jan ra'ayin yarinya da shi, ta kuma zama abin da ake ɗaure ta da shi: a karɓi hotonta ta WhatsApp ko Facebook, daga baya a ce in ba ta zo ba za a watsa. Dokar laifukan intanet ta 2019 ta tanadi hukunci kan hotunan batsa na yara, amma iyaye ƙalilan ne a karkara suka san da ita.

Iyaka, zinariya da gudun hijira

Jihar Maraɗi ba ta rabuwa da abin da ke faruwa a Katsina da Zamfara. Lokacin da Zamfara ta fara aiki da shari'ar Musulunci a farkon 2000, wasu jihohi suka bi sahu, masu gidajen giya da caca da gidajen mata da yawa sun tsallako suka kafa a ƙauyukan bakin iyaka. Masu zuwa ma suka biyo su da motocinsu.

A watan Nuwamba na shekarar, zanga-zangar adawa da bikin nuna kayan ado na FIMA ta rikiɗe ta zama tarzoma a Maraɗi, aka ƙone mashaya da gidajen mata. Tun kafin wannan ma an saba, in ruwa ya ɗauke a tsakiyar damina, a ba mata masu zaman kansu wa'adin su yi aure ko su bar gari. A duk waɗannan lokuta matan ne ke kwasar kayansu. Mazan da ke biya suna nan a gidajensu, mutuncinsu bai taɓu ba. Wadda aka kora kuma gari na gaba take komawa, da ƙananan da ke hannunta.

Daga 2019 dubban 'yan gudun hijira daga Sakkwato, Zamfara da Katsina sun shigo yankunan Gidan Rumji da Madarumfa saboda 'yan bindiga, yawancinsu mata da yara da suka baro komai. Sai kuma zinariyar yankin Ɗan Isa, inda rami ya rufta a Garin Liman a watan Nuwamba na 2021 ya kashe aƙalla mutum 18. Duk inda dubban maza suka taru nesa da iyalinsu da kuɗi a hannu, 'yan mata masu kai abinci da ruwa suna cikin haɗari, kuma samarin Mayahi da Tasawa suna cikin masu zuwa irin waɗannan wurare har mahaƙar Jado.

Shari'ar Hadijatu Mani

Shari'ar da ta fi kowacce tona yadda ake cinikin yarinya da sunan aure daga jihar Tawa ta fito. A 1996 aka sayar da Hadijatu Mani tana 'yar shekara 12 a kan kuɗin sefa 240,000, ta zama wahaya, wato mace ta biyar da ba a ɗaura mata aure ba, ba ta da sadaki ba ta da gado. Ta yi shekara tara a haka. Da aka ba ta takardar 'yanci ta auri wanda take so, sai kotu ta yanke mata ɗaurin wata shida, wai ta yi aure kan aure.

Da taimakon ƙungiyar Timidria ta kai ƙarar gwamnatin Nijar kotun CEDEAO. Ranar 27 ga Oktoba 2008 kotun ta ce gwamnati ta kasa kare ta daga bauta, ta umarci a biya ta sefa miliyan 10. A 2014 wata kotu a Birnin Ƙonni ta ɗaure wani mutum shekara huɗu kan riƙe wahaya, karo na farko da aka yi haka.

Darasin shari'ar ya shafi Mayahi kamar yadda ya shafi Ƙonni. Dokar hana bauta tana nan tun 2003, amma wasu alƙalan da suka duba maganar al'ada suka bi. Sai da aka samu masu tsaya mata, da lauyoyi, da shekaru na haƙuri, kafin doka ta yi aikinta.

Doka tana nan, hanyar zuwa gare ta ce da nisa

A rubuce Nijar ba ta da ƙarancin doka. Dokar hukunta laifuka ta hana kawalci da jefa yara cikin lalata. Dokar 16 ga Disamba 2010 kan fataucin mutane ta tanadi ɗaurin shekara 10 zuwa 30 in yaro aka yi fataucinsa. Akwai hukumar ANLTP mai yaƙi da fataucin mutane, akwai alƙalan yara, akwai sashen 'yan sanda mai kula da yara, kuma a 2019 an fitar da dokar kafa kwamitocin kare yara tun daga jiha har ƙauye. Ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara ma an keɓe ta don wayar da kai kan fataucin mutane.

Amma a ɗauki uba a wani ƙauyen Sarkin Hausa da ya gano abin da aka yi wa 'yarsa. Sai ya nemi kuɗin kabu-kabu zuwa wurin jandarma a Mayahi. Sai takardar likita. Sai zuwa da dawowa, kowace tafiya yinin gona ce ta tafi. In babban laifi ne maganar Maraɗi za ta nufa, tafiyar kusan kilomita ɗari. In aka tambayi shekarun yarinya, wataƙila ba ta da takardar haihuwa, domin a binciken 2012 kusan yaro ɗaya cikin uku a ƙasar ba a yi masa rajista ba. Wanda ake tuhuma kuwa ya ce ai baliga ce.

Kafin a kai nan ma, manya sun shigo. A zauna a zauren mai gari, a ce a rufa asiri, kada a ɓata wa yarinya suna ta rasa mijin aure. Mai laifi ya ba da 'yan jikkuna, ko a ce ya aure ta. In mai hali ne ko ɗan babban gida, ko zaman ma ba za a yi ba. Wani kuma ya kawo karin maganar nan ta ɓera da daddawa, a raba laifi biyu tsakanin ƙaton mutum da 'yar shekara goma sha uku.

Sulhu yana da muhimmanci a zaman karkara, shi ke kashe rikicin gona da na aure. Amma a wannan batu abin da yake haifarwa shi ne mai laifi ya koyi farashin laifinsa, ya ga kuma yana iya biya.

Akwai giɓi a dokar kanta. Dokar farar hula ta bar shekarun auren mace a 15, na namiji a 18, kuma yawancin aure a karkara bisa al'ada da addini ake ɗaura shi, ba ya bi ta ofis.

Abin da ke biyo baya

Yarinyar da aka ci zarafinta tana buƙatar ganin likita cikin kwana uku, domin a cikin wannan lokaci ne maganin kariya daga ƙanjamau ke aiki. Yawanci sai ciki ya fito ake sani.

Daga nan wahala ke jeruwa. Ƙugun da bai gama girma ba, doguwar naƙuda a gida don gudun idon mutane, sai yoyon fitsari, irin wanda cibiyar Danja kusa da Maraɗi ke yi wa aiki tun 2012. Wasu su sha haɗe-haɗen zubar da ciki su rasa rai. Wasu su haihu a ɓoye su yar da jariri, kuma a nan ne hukuma ke bayyana da sauri: yarinyar ce ke tafiya gidan kaso, wanda ya yi cikin ba a ko tambayi sunansa ba.

Waɗanda suka daɗe a hannun magajiya sukan kamu da shan tramol da sauran ƙwayoyi. Ga firgita, ga rashin barci, ga rashin yarda da kowa. In an mayar da ita gida ba tare da shiri ba, gorin kishiyoyin uwa da na 'yan uwa yakan sa ta koma inda ta fito cikin 'yan makonni.

Kowa da abin da yake gani

Iyaye mata, in aka yi musu maganar hana talla, tambaya ɗaya suke yi: in ba ta fita ba, me za a ɗora a murhu? Suna kuma cewa su ma sun yi talla ba abin da ya same su. Gaskiya ne, amma tallar da a cikin unguwa ake yin ta, gida-gida, kowa ya san 'yar wane ce. Ta yau a bakin kwalta take, cikin baƙi.

Iyaye maza da yawa suna ganin aurar da yarinya da wuri shi ne kariya, gara ta yi ciki a ɗakinta da ta jawo abin kunya. Ma'aikatan jin daɗin jama'a da ungozomomi kuwa suna nuna cewa da yawa cikin ƙananan da ake samu a gidajen mata sun riga sun yi aure sun fito.

Malamai ba su da saɓani kan haramcin abin. Aya ta 33 a Suratun Nur ta hana tilasta wa 'yan mata yin lalata don neman abin duniya, kuma ta ɗauke laifi daga kan wadda aka tilasta. Inda ake rabuwa shi ne shekarun aure. Majalisar dokoki ta ƙi amincewa da yarjejeniyar Maputo kan haƙƙin mata a 2006, kuma a 2012 ƙungiyoyin addini sun tsaya kai da fata har aka jingine ƙudurin kare 'yan mata 'yan makaranta. Da yawa suna ganin daga waje ake turo irin waɗannan dokoki. Wannan muhawara ba za ta ƙare gobe ba, amma ba ta hana a haɗu a kan abin da ba a jayayya a kansa: hukunta mai saye da dillali.

Sarakunan gargajiya suna tsakiya. Ƙungiyarsu ta ƙasa ta yi alkawarin yaƙi da auren dole, kuma akwai sarakunan kanto da suka raba irin wannan aure suka mayar da yara makaranta. Su ne kuma ake kawo wa sulhu. Inda sarki ya ce wannan magana ta fi ƙarfin zaurena, a tafi wurin hukuma, masu gari sukan bi.

Abin da aka gwada ya yi amfani

Ba sai an je nesa neman dabara ba. A jihar Maraɗi aka haifi Mata Masu Dubara a 1991 da taimakon ƙungiyar CARE: mata su taru duk mako, kowa ta zuba abin da ta iya a akwati, a ba juna rance. Tsarin ya bazu a ƙasashe da dama na Afirka. Uwar da ke da inda za ta ranci jarin awara ko kuɗin magani ba ta rataya duk nauyin gida a kan farantin 'yarta. Ƙungiyoyin nan kuma su ne kunnen gari, sun san wace dillaliya ce ta zo, 'yar wa ta tafi da ita.

Shirin tallafin kuɗi ga matalauta da aka fara a 2011 da taimakon Bankin Duniya ya riƙa ba gidaje jika goma a wata har shekara biyu, kuma a hannun mata ake danƙawa. Shirin Illimin na UNFPA, tun 2013, yana tara 'yan mata a wuri amintacce su koyi karatu da sanin jikinsu da 'yancinsu.

A watan Disamba na 2017 gwamnati ta fitar da dokar kare yarinya 'yar makaranta, wadda ta buɗe hanyar mai ciki ko mai aure ta ci gaba da karatu. Matsalar karkara ita ce koleji yana nesa. Yarinyar da ta ci jarrabawa a ƙauye sai an nemo mata mai riƙo a Mayahi ko Tasawa, kuma gidan riƙo wani lokaci aikatau ne da wani suna. Wannan ya sa aka fara gina makarantun kwana na 'yan mata, irin ta Kelle a jihar Damagaram da aka buɗe a 2021.

A 2019 aka buɗe gidan farko na karɓar waɗanda aka yi fataucinsu a Damagaram, da taimakon Hukumar Ƙaura ta Duniya. Mataki ne mai kyau, sai dai jandarman da ya ƙwato yarinya da dare a Tasawa yana buƙatar inda zai kai ta a daren, ba ofis ba, ba gidan wanda ake zargi da sakaci ba.

Bayan Yulin 2023

Juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ya sauya abubuwa da yawa. Takunkumi da rufe iyakar Najeriya na watanni sun tsadar da abinci a jihar da kasuwancinta ya dogara ga Katsina da Kano. Wasu masu ba da agaji sun janye ko sun rage. A watan Nuwamba na shekarar aka soke dokar 2015 kan safarar baƙin haure, amma dokar 2010 kan fataucin mutane daban take, kuma ya kamata jama'a da jami'an tsaro su san bambancin. Fitar Nijar daga CEDEAO a Janairun 2025 ta kuma rufe ƙofar kotun da Hadijatu ta samu adalci.

Ma'anar wannan ita ce nauyin ya dawo gida kacokan. Ƙasar da ke maganar dogaro da kai ba za ta bar kare 'ya'yanta a hannun ayyukan agaji masu wa'adin shekara uku ba.

Inda ya kamata a sa hannu

Na farko, a daina sulhu a kan lalata da yaro. Hukuma ta faɗa wa masu gari da sarakuna a fili cewa wannan ba hurumin zaure ba ne, limamai kuma su faɗe shi a huɗuba da sunansa.

Na biyu, a sauke wa mai ƙara nauyin kuɗi: takardar likita da magani kyauta, kuɗin mota zuwa kotu daga asusun ƙaramar hukuma, da ma'aikaciya mace da za ta saurari yarinya a keɓe. A yawaita zaman kotun tafi-da-gidanka mai ba da takardun haihuwa a ranakun kasuwa.

Na uku, kowace gunduma ta samu gidajen riƙo da aka tantance, ana biyansu, inda yarinya za ta zauna kafin a shirya komawarta. Komawar kuma ta zo da makaranta ko sana'a da jari, da mai bibiya na tsawon watanni.

Na huɗu, a sa ido inda abin ke faruwa. Shugabannin tasha, ƙungiyoyin direbobi da 'yan kabu-kabu, masu gidajen saukar baƙi da shugabannin mahaƙa sun fi kowa sanin masu yi. A ɗora musu alhaki. Hana talla gaba ɗaya ba zai yiwu ba, amma gari na iya yanke cewa ba yarinyar da za a gani da faranti bayan magariba, kuma ba mai kai kaya ɗakin kowa. Duk mai tafiya da 'ya'yan mutane aikatau a rubuta sunanta da inda za ta kai su a wurin mai gari, a kuma ƙarfafa aiki da hukumar NAPTIP ta Najeriya kan waɗanda ake tsallakawa da su.

A ƙarshen kowace shekara ana tara jami'ai a karanta yawan tarurrukan wayar da kai da aka yi. Tambayoyin da ya kamata mutanen Tasawa da Mayahi su riƙa yi wa perefe da alƙali da shugaban ƙaramar hukuma guda biyu ne: mutum nawa aka hukunta cikin masu saye da dillalai, kuma yara nawa cikin waɗanda aka ƙwato suke makaranta ko wurin sana'a bayan shekara guda.